Fiyano da kwamfuta sun ƙi tafiya tare: wuta ce ko agogo?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da ɗan situdiyo a ɗakina a unguwar Gulel, nan Jidda, ina haɗa wa mutanenmu waƙoƙin biki da na suna. Kiɗan ganga daga fiyano nake ɗaukowa, irin wanda Larabawa ke kira org, sauran kaya da muryoyi kuma a kwamfuta. Da farko da hannu nake danna su tare, su tashi lafiya, amma kafin amshi na biyu ganga ta yi gaba ta bar mawaƙi. Na sayi kebul na MIDI, abin ya ragu amma har yau bai zauna ba. Wani abokina ya ce wutar Saudiyya ce, tunda fiyanon daga Kano aka kawo shi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mu fara wanke wuta daga laifin da ba ta yi ba. Abokinka ya san wani abu na gaskiya: wutar Saudiyya tana kaɗawa sau 60 a sakan, ta Najeriya da ta Sudan sau 50. Sai dai fiyanonka ba da kaɗawar wutar bango yake ƙidaya lokaci ba. Wutar tana shiga adafta ne ta koma miƙaƙƙiya, lokacin kuma wani ɗan ƙanƙanin dutsen kuwaz ne a cikin injin yake ƙirga shi, irin na agogon hannu. Abin da za ka duba game da wuta ɗaya ne tak, wato ƙarfinta, don tsofaffin gidaje a Jidda da Makka wasunsu har yanzu suna da soket na volt 127 kusa da na 220. Wannan adafta ya shafa, ba ya taɓa tempo, wato saurin kiɗa.

Abin da ka kira ciwo ɗaya, a wurinmu masu wannan shugul ciwo uku ne, kowanne da maganinsa. Akwai zamiya, akwai jinkiri, akwai ɗingishi. Yawancin yaran da ke zuwa wurina sun sha maganin ɗaya alhali ɗayan ke damunsu, shi ya sa suke ta sayen kebul.

Zamiya ita ce wadda ka fara gani lokacin da kake dannawa da hannu. Fiyano yana da agogonsa, katin sautin kwamfuta yana da nasa, kuma babu agogo biyu a duniya da suke tafiya daidai wa daida. Ka ɗauka bambancinsu kashi 50 ne cikin miliyan, wanda ba abin mamaki ba ne ga irin waɗannan duwatsu: a waƙar minti biyar sun rabu da milisakan 15. Wannan ma mai sauƙi ce. Idan kwamfuta tana kan tempo 100 cif, fiyano kuma a zahiri yana kan 100.1 amma fuskarsa tana nuna maka 100, to a minti biyar ya wuce ta da rabin bugu, milisakan 300. Waƙoƙinmu na biki kuwa ba sa ƙarewa a minti biyar, sai an kira sunan uwar amarya da ƙawayenta da duk wanda ya yi alkawarin liƙi. Ka tuna mata masu lugude a turmi ɗaya. Ba ƙidaya kowacce take yi a zuciyarta ba, taɓaryar 'yar'uwarta take saurara. Ranar da kowacce ta rufe kunne ta bi ƙidayarta, taɓare za su gwabza. Saboda haka dole ɗaya ya zama madugu, ɗayan ya zama mabiyi, kuma madugu ɗaya ake yi wa ayari.

Yadda madugun yake magana da mabiyi shi ake kira agogon MIDI, kuma yana da kyau ka san cikinsa don ka daina tsoronsa. MIDI, wato yaren da kayan kiɗa na lantarki suke magana da juna da shi, ya fito a 1983, aikin haɗin gwiwa ne da Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan suka jagoranta. A watan Janairun shekarar aka haɗa fiyanon lantarki na kamfanonin biyu, Prophet-600 da Jupiter-6, a gaban jama'a suka yi magana da juna. Agogon da ke cikinsa ba ya faɗin tempo ko kaɗan. Ɗigo kawai yake aikawa, guda 24 a kowane bugu. A tempo 100 bugu ɗaya milisakan 600 ne, ke nan ɗigo ɗaya duk milisakan 25, ɗigo 40 a sakan. Mabiyi shi ke auna tazarar da ke tsakanin ɗigon ya gane saurin da ake so. Sai wasu umarni uku da ke rakiya: tashi, tsaya, ci gaba. Lambar 24 ɗin ma da hikima aka zaɓe ta, tana rabuwa gida huɗu tana rabuwa gida uku, don haka kiɗa mai tafiyar huɗu-huɗu da mai tafiyar uku-uku irin na kalangu duk suna samun wurin zama.

Wa za a naɗa madugu? A situdiyo, kwamfuta, babu ja. Ita ke riƙe da muryar da aka riga aka ɗauka, murya kuwa ba ta jure a riƙa ja da sassauta mata lokaci. Manhajojin haɗa waƙa irin Cubase da Pro Tools ma suna aika agogon MIDI amma ba sa bin na wani. Ableton Live yana iya bi, sai dai duk ɗan motsin da ɗigon ya yi sai ya miƙe sauti ko ya tsuke shi don ya kamo, kuma kunne yana jin hakan. A wurin biki, a istiraha ko ƙasar afrah, wato zauren taron biki, lamarin ya juya: mai fiyano ne ke kallon masu rawa, shi ya san lokacin da za a ƙara wuta, don haka can shi ne madugu. Amma kai a ɗaki kake.

To ga inda nake zargin ka tsaya rabin hanya. Sa kebul kaɗai ba ya naɗa madugu. A kwamfuta sai ka ce mata ta aika agogo ta wannan ƙofa. A Cubase yana cikin Project Synchronization Setup, inda ake zaɓar ƙofar da agogon MIDI zai fita. A FL Studio, cikin saitin MIDI, ka zaɓi ƙofar ka kunna Send master sync. A Ableton ka kunna Sync a layin fitar ƙofar. A fiyano kuma ka shiga saitin MIDI ka sauya agogo daga na ciki zuwa na waje, ka zaɓi ko ta MIDI yake shigowa ko ta USB. A fiyanon Yamaha na jerin PSR, da ka yi haka wurin tempo zai daina nuna lamba ya nuna cewa daga waje ake jan sa, kuma maɓallin tashi na jikinsa zai daina tayar da kiɗa. Mutane da yawa a nan suke firgita su ce fiyano ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, umarnin madugu yake jira. Idan kuwa ka ga kiɗan yana tashi da ka danna kwamfuta amma lambar tempo tana nan yadda ka bar ta kuma kana iya juya ta, to umarnin tashi kawai yake karɓa, yana tafiya da agogonsa. Zamiya tana nan, farkon ne kawai ya gyaru, wanda ya yi kama da abin da ka kwatanta. Ka kuma kashe aika agogo daga fiyano zuwa kwamfuta, kada ɗigo ya riƙa zagayowa.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu Hausawa da 'yan'uwanmu na Sudan fiye da masu kiɗan Turawa, don kiɗanmu da yawa mai tafiyar uku-uku ne. Wanda ya tsara salon kiɗan a fiyano sau da yawa a ma'aunin 4/4 ya rubuta shi, ya raba kowane bugu gida uku. Kai kuma ka zo kwamfuta ka sa 6/8 don haka kunnenka ya ji. A 6/8 bugun da ƙafarka take takawa ɗigo 36 ne, a salon fiyanon kuma 24. Don ka ji taku 100 a kwamfuta sai ka rubuta tempo 150, fiyano kuma ya karɓi 150 ɗin da gaske ya zura da gudu, ninki ɗaya da rabi. Na taɓa ɓata dare guda a kan wannan, ina zagin kebul, har aka kira assalatu. Maganin shi ne ka duba ma'aunin da aka rubuta salon da shi, ka sa wa kwamfuta irinsa, sannan ka mai da layukan ma'auninta na uku-uku.

Kafin ka taɓa wani abu kuma, yi gwajin da zan faɗa maka, don kunne yana ruɗi, musamman bayan awa huɗu da hedifon a ka. Kashe komai a salon kiɗan, ka bar abu ɗaya mai kaifin baki, kamar ƙwanƙwasar sanda a gefen ganga, yana bugawa sau ɗaya a kowane bugu. Sa tempo 100, ka ɗauki sautin fiyanon cikin kwamfuta na minti biyar. Zango 125 ke nan, idan muka kira kowane bugu huɗu zango. Sai ka buɗe hoton sautin sosai har ka ga bakin kowace ƙwanƙwasa, ka auna nisanta da layin ma'auni a zango na 3, da na 60, da na 125. Idan nisan yana ƙaruwa, zamiya ce, madugu bai naɗu ba, koma saiti. Idan nisan ɗaya ne a ko'ina, jinkiri ne. Idan kuwa nan ta riga layi, can ta makara, ba tsari, ɗingishi ne.

Jinkiri shi ne mai sauƙin hali, don ba ya canza magana. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗaiɗai, tana tara shi ne a ɗan mazubi da ake kira bafa, ta cika ta juye. Bafa mai samfur 256 a ma'aunin 48,000 milisakan 5.3 ce, mai 1024 kuma ta haura 21. Sautin kwamfuta sai ya bi ta wannan mazubi kafin ya kai sifika, sautin fiyano ma sai ya bi ta wani kafin ya shiga, ɗigon agogo kuma ta wata hanya dabam yake fita. Ƙara da fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, masu leƙen gaba, irin limita mai hana sauti wuce iyaka da ake ɗora wa babban layi da masu gyaran murya da mawaƙanmu ba sa rabuwa da su; kowanne yana riƙe sauti na ɗan lokaci, manhajar kuma tana jinkirta sauran layuka don su jira shi. Shi ya sa wani lokaci fiyano yake riga kwamfuta maimakon ya makara. Maganin lissafi ne kawai. Ka auna ka ga, misali, milisakan 12 ne, sai ka rama su. Ableton yana da wurin da ake kira MIDI Clock Sync Delay don wannan, yana karɓar ƙari da ragi. Inda babu irinsa, bayan ka ɗauki sautin sai ka ja layin gaba ɗaya da wannan adadi. Abin da za ka riƙe shi ne lambar da ka auna ta wannan bafa ce da waɗannan fulogin. Ka sauya bafa, ka sake awo. Ni a jikin bangon situdiyona na manna takarda: bafa kaza, ramuwa kaza. Lokacin ɗaukar kiɗa kuma kashe duk abin da ke kan babban layi nake yi, sai an zo haɗawa in kunna.

Ɗingishi ne mugun. Ba ya ramuwa da lissafi tunda ba shi da lamba ɗaya. Asalinsa shi ne kwamfuta mai hidima da yawa ce: tana zana allo, tana leƙa intanet, tana duba batir, ɗigon agogo kuma yana layi tare da sauran. Sauti yana da gata, an tanadar masa bafa da agogon katin sauti. Ɗigon MIDI ba shi da wannan gata, sai lokacin da aka waiwaye shi. Sannan USB ba ya zuba saƙo kamar famfo, a ƙunshi-ƙunshi yake aikawa, irin wanda yawancin kayan MIDI ke amfani da shi duk milisakan ɗaya. Mabiyin da ke auna tazara sai ya ga 24, ya ga 26, ya ga 25, ya yi ta gyara tafiya. Wasu injuna suna da haƙuri, suna haɗa ɗigo da yawa su ɗauki matsakaici. Wasu kuma duk inda ɗigo ya faɗi nan suke bugawa.

Kebul ɗin MIDI shi kansa siririyar hanya ce. Yana ɗaukar bit 31,250 a sakan, kowane harafin saƙo yana cin milisakan 0.32, nota ɗaya mai harafi uku tana cin kusan milisakan guda. Idan ka tura nota takwas a lokaci ɗaya ta ƙofa ɗaya, ta ƙarshe za ta iso bayan ta farko da milisakan biyar zuwa bakwai. Ƙa'idar MIDI ta ba ɗigon agogo izinin tsallake layi, har ya kutsa tsakiyar wani saƙon, amma ba kowace na'ura ke girmama wannan ba. Don haka idan kana da ƙofa biyu, ware wa agogo ɗaya shi kaɗai. Kada ka jera injuna huɗu ko biyar ta ƙofar Thru, mai miƙa saƙo ga inji na gaba, kamar raƙuma, kuma kada kebul ya wuce mita 15, iyakar da ƙa'idar ta sa ke nan.

Kebul ɗin da ka saya, in irin mai arhar nan ne mai USB a kai ɗaya da kawuna biyu a ɗayan, ba suna a jikinsa, to shi zan fara tuhuma. Na taɓa sayen irinsa a wani shago, nota tana wucewa lafiya, amma ɗigon agogo sai ya riƙa haɗiye wasu. Da na fasa shi na tarar ko ɗan abin da ke raba wutar na'urori biyu da haske, wanda ƙa'idar MIDI ta wajabta, babu. Idan katin sautinka yana da ƙofar MIDI a bayansa, yi amfani da ita. Ko a kasuwar Haraj ka samu tsohon akwatin MIDI na kamfanin kirki, ya fi sabon marar suna. Ka sa direban ASIO na kamfanin katin sautinka, wato manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta. Ka cire abin raba USB, ka soka kai tsaye. Laftof ta kasance a jone da wuta, a kan saitin cikakken ƙarfi, wayafai (Wi-Fi) a kashe. Zafin Jidda ma yana da hannu, don laftof in ta yi zafi rage gudu take yi da kanta. In mukayyif ɗinka, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ƙara ne kana kashe shi lokacin ɗaukar murya, to kunna shi lokacin ɗaukar kiɗan fiyano, tunda ta waya sautin yake shiga.

Ka kuma bar zango biyu babu komai a farkon waƙa, don mabiyi yana buƙatar ɗigo kaɗan kafin ya kama tafiya, bugun farko shi ya fi yawan karkacewa. Akwai saƙon da ke gaya wa mabiyi inda aka kai a waƙa, yana ƙirga har zango 1,024, amma salon kiɗan fiyano abu ne mai zagayawa, yawanci bai san wani wuri a waƙa ba, daga kansa yake tashi duk inda ka danna. Saboda haka kullum ka tayar daga bakin zango, kada daga tsakiyarsa.

In duk ka yi wannan ɗingishin bai bari ba, akwai maganin gaske, kuma dabararsa tana burge ni. Tunda sauti ne mai gata a kwamfuta, sai a mai da agogon ya zama sauti. Fulogin yana fitar da ɗigon ta ɗaya daga ƙofofin katin sauti, wani akwati a waje ya karɓa ya juya shi zuwa agogon MIDI. Multiclock na kamfanin E-RM a Jamus da USAMO na Expert Sleepers a Ingila duk haka suke aiki. Suna cin ƙofar sauti guda, don haka katin mai ƙofa biyu kacal ba zai ishe ka ba, kuma ba su da arha. Ƙananan injuna irin Volca na Korg ba sa ma buƙatar akwati, ɗigon sauti suke karɓa kai tsaye, biyu a kowane bugu. Ableton Link kuma, da ya shiga Live a 2016, ta hanyar sadarwa yake haɗa na'urori, sababbin injunan kiɗa na MPC na Akai suna jin sa, amma ka duba littafin fiyanonka kafin ka sa rai. In wani ya kawo maka maganar MTC, wani agogon dabam da ake aikawa ta MIDI, wannan awa da minti da sakan da firem yake faɗa, ba ya ɗauke da tempo. Na masu haɗa sauti da bidiyo ne. Haka in ka ci karo da tsohuwar na'urar ganga TR-808 ta 1980, ramin bayanta mai ƙafa biyar ya yi kama da na MIDI amma yarensu dabam.

Ni dai a matsayinka ba zan sayi akwatin ba tukuna. Aikinka ɗauka ne, ba wasa a gaban jama'a ba, don haka fiyano da kwamfuta ba sai sun zauna tare har abada ba. Su daidaita na minti bakwai kawai kake buƙata. Naɗa madugu, auna jinkiri, ɗauki gangar a layinta, bes a nasa, kowanne ka bi da shi sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ka rama jinkirin, ka kashe fiyano. Daga nan duk abin da ke cikin waƙar agogo ɗaya yake bi, na katin sauti. In ma ɗingishin ya yi yawa, zaɓi zango huɗu ko takwas mafi tsabta ka yanka daidai bakin layi ka jera, ka ɗauki jujjuyawar ganga dabam ka saka inda kake so.

Kada kuma awon ya zame maka waswasi. Sauti yana tafiyar kusan santimita 34 a milisakan ɗaya, ke nan kuskuren milisakan biyu bai kai tazarar da ke tsakanin mai kalangu da mawaƙin da ke gefensa ba. Inda ƙaramin ɗingishi yake tona asiri shi ne in ka ɗora gangar kwamfuta a kan gangar fiyano suna bugawa tare: sai ka ji bugun yana kauri yana sirancewa, wani lokaci kamar bugu biyu. Can ka zaɓi ɗaya ta riƙe ƙasa. In kuma ka kawo mai kalangu na gaske ya ɗora hannu, kada ka ja bugunsa kan layi, ɗan jan da yake yi da gangan ne.

Tunda na san wasu muryoyin daga Kano ko Kaduna ake turo maka: ka aika wa mawaƙi kiɗan a WAV, a matsayin fayil, kada a MP3, don MP3 yana ƙara ɗan shiru na kusan milisakan 25 a farko. Ku kuma yi magana ɗaya a kan ma'auni. Abin da aka ɗauka a 44,100 in aka kunna shi a 48,000 ba tare da juyawa ba, zai ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, murya ta haura kusan rabin sauti da rabinsa, ka zauna kana zargin fiyano. Yi gwajin ƙwanƙwasar nan yau da dare, ka turo min lambobi ukun da ka gani a zango na 3 da na 60 da na 125, da girman bafarka.